Malam Hambali a Tsakiyar Bahar Rum

Nazira ce ta matsa sai sun shiga jirgin. Babanta, Malam Hambali, bai taɓa nema ba.

Shi manomi ne a Tibiri, kan hanyar Gidan Rumji, yana noma gero da wake da ƴar gyaɗa. Tunda aka haife shi, babban ruwan da ya sani shi ne Gulbin Maraɗi, shi ma in ya ciko da damina sai ya tsaya bakin gaɓa ya jira ya janye. Da girma ya zo, yanar ido ta rufe masa ido biyu, har ya kai ba ya gane jikokinsa sai sun yi magana. Nazira, ƴarsa ta uku, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Marsai, ƙasar Faransa. Ita ta yi ta fama da takardu har aka ba shi izinin zuwa, aka yi masa aiki, ido ya buɗe. Da lokotoro, wato likita, ya ce ya warke, saura ɗigon magani kawai, sai ta ga bai kamata ya koma gida bai ga komai ba sai bangon asibiti da na ɗakinta.

Abokan aikinta ne suka ba ta labarin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin wanda mutane ke shiga su ci su sha su kalli teku, ya zaga da su wasu garuruwa ya maido su.

"Wato a shiga jirgi, a tahi, a komo inda aka taso?" in ji Malam Hambali. "To mi aka yi ke nan?"

"An huta, Baba."

"Ni ban gaji ba."

Amma ya ga yadda take so, sai ya yarda.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Jirgin ya fi unguwarsu girma, bene kan bene, da wuraren cin abinci da kantuna, har da wurin wanka a can sama. Malam Hambali yakan fita bayan sallar asuba ya kama ƙarfen gefen jirgi ya yi ta kallon ruwa. Abin da ya dame shi kawai alƙibla, don kullum sai ta sake wuri, sai Nazira ta duba masa a salularta. Ya saba da wani ɗakin shan shayi da ke ƙasa-ƙasa wajen goshin jirgi, mai manyan tagogin gilashi. Nan yake yini da farin rawaninsa da carbi, Turawa suna wucewa suna yi masa murmushi, shi kuma yana ɗaga musu hannu.

Ranar da suka juyo za su koma Marsai, gari ya waye ba rana. Teku ta zama toka-toka, iska tana tsinke kan igiyar ruwa tana watsa farin kumfa. Ma'aikata suka kulle ƙofofin fita waje, suka rataye ƴan jakunkunan takarda a jikin ƙarafan dafawa saboda masu amai. Da hantsi kyaftin ya yi magana ta lasifika, da Faransanci da wasu harsuna, ya ce za a gamu da iska mai ƙarfi, kowa ya riƙa dafa wani abu in zai yi tafiya.

"Mi ya ce?" Malam Hambali ya tambaya. Suna zaune a ɗakin shayin.

"Ya ce akwai ƴar iska gaba."

Ya dube ta, ya dubi shayin da ke tangal-tangal a cikin kofi. Bai ƙara tambaya ba.

Lokacin ɗiga masa magani ya yi, sai ta tuna ta baro kwalbar a ɗakinsu, can sama. Ta ce ya zauna kada ya tashi, yanzu za ta dawo. Ya ce to.

Tana cikin ɗakin, ta ɗauki kwalbar ke nan, sai ta ji ƙasa tana tasowa da ita. Jirgin ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, kamar ba zai daina ba, har gwiwoyinta suka lanƙwashe don nauyi. Ya ɗan tsaya. Sannan ya faɗo. Ƙafafunta suka rabu da ƙasa, ta bugu da jikin kabad, ta zube tsakanin gadaje. Daga can ƙasa ta ji wata irin ƙara, kamar an rushe katangar ƙarfe, duk jikin jirgin ya yi ta kaɗawa. Aljihunan tebur suka buɗe da kansu, kaya suka watse, telbijin ya ɓalle daga bango yana lilo a jikin waya. Fitilu suka ɗauke, suka dawo.

Kafin ta miƙe, jirgin ya kwanta gefe guda. Ta duba taga, ba ta ga sama ba. Ruwa ne kore-baƙi ya cika gilashin, yana motsi.

Sai kalma ɗaya ta fito daga bakinta: "Baba."

Ta rarrafa ta buɗe ƙofa. A doguwar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, wani keken kayan shara ya zo a guje shi kaɗai, ta maƙale a bakin ƙofa ya wuce, ya je ya daki bango. Wasu suna kuka a cikin ɗakuna. Lasifika tana ta cewa kowa ya zauna inda yake, kowa ya zauna a ƙasa. Na'urar hawa bene ta tsaya, sai matakala.

Ba ta taɓa yin sauka mai wuya irin wannan ba. In jirgin ya hau, sai jikinta ya yi nauyi kamar an ɗora mata buhun gero. In ya faɗo, sai matakalar ta gudu daga ƙarƙashinta, ta rataye da hannu biyu a jikin ƙarfe. Mutane suna zaune a kan matakala sun rungume ƙarafa, wani mutum mai jini a hanci, wata mata ta danne ƴaƴanta biyu da jikinta. Wurin yana warin amai da giyar da ta zube.

Da ta kusa benen da ɗakin shayin yake, sai ta ji sanyi a ƙafa. Ruwa ne yake gudana a kan darduma. Ta taɓa, ta kai baki. Gishiri.

Wani ma'aikacin jirgi sanye da rigar ceto ya tare ta a bakin hanya. Ya ce ba a wucewa, igiyar ruwa ta fasa tagogin gaba, akwai waɗanda suka ji ciwo.

"Mahaifina yana ciki," ta ce masa da Faransanci. "Tsoho ne, ba ya jin harshenku. Ni ma'aikaciyar jinya ce."

Fuskarsa shi ma ta yi fari fat. Ya cire ƴar jakar magani daga kafaɗarsa ya miƙa mata, ya kauce.

Ɗakin shayin ba ya kama da inda ta bari. Tagogi biyu babu su, iska tana shigowa da wani irin kuka da ba a jin maganar kowa. Kujeru da tebura duk sun taru a kusurwa guda, kan juna, cikin fasassun kofuna. Da jirgin ya karkata ɗaya gefen, sai tarin gaba ɗaya ya taso ya ratsa ɗakin yana jan ruwa, ya je ya haɗu da ɗaya bangon. Wasu ma'aikata sun ɗaure kansu da igiya suna ƙoƙarin toshe tagogin da katako. Kujerar da ta bar babanta a kai ba ta nan. A inda take, ba komai sai takalminsa ƙafa ɗaya yana yawo a kan ruwa.

Ta tsaya riƙe da bakin ƙofa. Ta kira shi, iska ta kwashe muryar. Ta dubi tarin kujerun, tana neman farin yadi a ƙarƙashinsu. Ta dubi ramin tagar, inda ruwa ke tasowa ya fi tsayin jirgin. Ta tuna innarta, Fati, a tsakar gida a Tibiri ranar da za a tafi da shi, tana cewa, "Ga amana nan, Nazira." Da wane baki za ta kira gida?

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya hango ta. Ya zagaya hannu bisa kansa, alamar rawani, sannan ya nuna mata wata ƴar hanya a bayan wurin dafa shayi.

Can ta same shi. Hanya ce matsattsiya marar taga, mutane da dama sun zauna a ƙasa sun jingina da bango. Malam Hambali yana can ƙarshe, kansa ba rawani, furfurarsa a jiƙe, goshinsa a tsage jini ya gangaro har gemu. Ya warware rawanin ya zura shi ta ƙarfen dafawa ya ɗaure ƙugunsa. A cikin ɗaurin har da wata tsohuwar Baturiya, ƴar ƙarama kamar yarinya, ta cusa kanta a ƙirjinsa tana rawar jiki. Mutumin da Nazira ba ta taɓa ganin ya ba macen da ba muharramarsa hannu ba, ga shi ya rungume wannan da hannu biyu.

Nazira ta faɗa kansu. Ta kama fuskarsa tana duba idon da aka yi wa aiki. Ba abin da ya same shi.

"Kin daɗe," ya ce.

Ya ci gaba da cewa:

"Ruwan ya shigo ya kwashe mu duka. Na ji ni a ƙasa, na ji wannan baiwar Allah ta biyo ta kaina. Na riƙe ta. Duba hannunta, ina jin ya karye."

Aikin ya taimake ta. Ta duba hannun tsohuwar, ya kumbura a wuyan hannu. Ta naɗe wata jarida da ta samu ta yi mata tallafi, ta ɗaure da bandeji, tana yi mata magana a hankali. Tsohuwar ta ce mijinta ya tafi ɗakinsu ya kwanta tun da safe, ba ta san halin da yake ciki ba. Nazira ta ce yana kan gado, ya fi su kwanciyar hankali, ko da yake ba ta sani ba. Ta goge goshin babanta ta manne ciwon. Ta ja jiki ta duba wani saurayi da gilashi ya yanka a cinya, ta nuna wa matarsa inda za ta danne. Sannan ta dawo, ta zura hannu cikin rawanin ita ma, ta zauna.

Daga nan sai jira. Kowace igiya sai sun ji zuwanta kafin ta iso: ƙasa ta fara tasowa, mutane su ja numfashi, a hau, a tsaya, a faɗo, ƙarfen jirgin ya yi wani dogon nishi. Nazira ta yi ta cewa a ranta wannan ce ta ƙarshe, sai wata ta zo.

Wajen azahar, ƙugin injin da suke ji a ƙarƙashinsu tun ranar da suka shigo ya tsaya. Manyan fitilu suka mutu, sai wasu ƙanana jajaye a gindin bango. Motsin jirgin ya sake. Ya daina hawa da sauka, ya koma kwanciya gefe da gefe, kuma kowace kwanciya ta fi ta baya. Da ya kwanta, bangon da ke gabansu sai ya koma ƙarƙashinsu, su rataye a jikin rawani, ƙafafunsu suna neman wurin takawa. Ya daɗe a haka, har mutum ya ce ba zai tashi ba. Sannan a hankali ya komo.

Lasifika ta yi magana. Wannan karon muryar kyaftin ba ta da laushin ɗazu. Ma'aikata suka zo da rarrafe suna raba rigunan ceto.

"Mi ya ce?" in ji Malam Hambali. "Kada ki rage mini komai."

"Ya ce injin ya tsaya, suna gyara. Ya ce kowa ya sa wannan rigar."

"Za a sa mu cikin ƙananan jiragen nan da ke rataye a gefe?"

"Bai ce ba."

"In wannan babba bai iya ba, su za su iya?"

Ta sa masa rigar, ta ɗaure masa igiyoyinta, ta sa wa tsohuwar, ta sa tata.

Leɓɓan Malam Hambali suna ta motsi. Can ya juyo ya ce da ita a hankali, "Nazira, tsoro nika ji."

Ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Shekarar da fari ya cinye gonarsu ba ta ji ba, ranar da za a shiga da shi ɗakin aikin ido ma ba ta ji ba.

"Ba mutuwar ba," ya ce. "Na girma, na san tana tahe. Amma a ce ba wanka, ba likkafani, ba wanda zai tsaya ya sallace ka. Innarki ta rasa inda za ta ce ga shi nan kwance. Garzali ya wuce maƙabarta bai da wurin da zai tsaya." Garzali shi ne babban ɗansa, wanda ya bar wa gona.

Nazira ta fashe da kuka. "Ni na kawo ka, Baba. Kana zamanka ka ce ba ka so. Ka yafe mini."

"Da ƙafata na shigo. Bar wannan magana." Ya ɗora tafin hannunsa a kanta. "Azahar ta yi?"

"Ta yi."

"To mu yi ta haka nan."

Ba alwala, ba alƙibla, ba tsayuwa. Suka shafa bango suka yi taimama, suka yi salla a zaune, ɗaure da ƙarfe, suna nuni da kai. Sau biyu jirgin ya kwanta har karatun ya tsinke a bakinsa, ya jira, ya ɗora daga inda ya tsaya. Tsohuwar Baturiya ta buɗe ido tana kallonsu, sannan ta rufe, ita ma bakinta ya fara motsi.

Suna idarwa wata igiya ta zo da ta fi duk na baya. Jirgin ya kwanta, ya ƙara kwantawa. Wani abu mai nauyi ya ɓalle a ɗakin dafa shayi ya fasa ƙofa, ruwa mai sanyi ya kwararo ta kansu. Wata mata ta suɓuce daga inda take riƙe, ta zamo ta bugi ƙafafun Nazira, Nazira ta cafke mata riga. Rawanin ya miƙe tsaf, ta ji zarensa yana tsinkewa ɗaya-ɗaya kusa da kunnenta. Ta rufe ido ta yi kalmar shahada. Ta ji babanta yana yi shi ma, da ƙarfi.

Jirgin ya tsaya a haka. Sannan ya fara komowa.

Ba ta san tsawon lokacin da suka ƙara ba. Ita dai ta ji wata ƴar girgiza a ƙarƙashin cinyarta, ta ɗauka jikinta ne. Girgizar ta ƙaru, ta zama ƙugi. Fitilu suka kama. A hankali jirgin ya juya goshinsa ya fuskanci igiyar, ya koma hawa da sauka irin na farko. Wannan motsin da ɗazu ya firgita ta, yanzu ta ji shi kamar sauƙi. Wani ya fara tafi, ba wanda ya taya shi, ya daina.

Iskar ba ta faɗi lokaci guda ba. Sai bayan la'asar tazarar igiyoyin ta fara nisa. Lokotoron jirgi ya zo da mutanensa suka ɗauki saurayin mai yanka. Aka zo da mijin tsohuwar, dogo mai sanda, lafiyarsa ƙalau sai ƙululu a goshi. Sai da Nazira ta yanka ƙullin rawanin da almakashi, don ya ɗaure tamau ba ya kwantuwa. Tsohuwar ta kama hannun Malam Hambali da hannunta mai lafiya ta yi ta magana tana hawaye. Ya dubi Nazira.

"Godiya take yi, Baba."

"Ce mata Allah ya ba ta lafiya." Ya zare hannunsa a hankali, ya sunkuyar da kai.

Jirgin bai kai Marsai ba. Washegari da safe ya shiga wata tashar ruwa da ta fi kusa, motocin asibiti suna jere a bakin gaɓa. Da suka sauko, Malam Hambali yana sanye da silifas ɗin wanka, kansa da wata hular sanyi da wani ma'aikaci ya ba shi. Ya taka ƙasa, ya yi tangaɗi, ya kama kafaɗar Nazira.

"Ita ma motsi take?"

"A'a, jikinmu ne. Zai daina."

Suka sami wani dakalin siminti suka zauna. An ce motoci za su zo su kwashi mutane. Nazira ta ciro salula, ta ga kiran Garzali ya cika ta, ashe labarin ya kai gida ta rediyo. Ta danna lambarsa, ta ji ya ɗauka. Ta miƙa wa babanta.

"Garzali? Ni ne. Lahiya lau muke, ni da ƙanwarka." Ya saurara. "E, an sha wuya. In na zo ka ji." Ya ƙara saurarawa. "Ba ni innarku."

Nazira tana jin muryar innarta daga nesa, tana magana tana kuka, ba a gane abin da take cewa. Malam Hambali ya bar ta ta yi har ta gaji, yana cewa "To, to," idonsa a kan ƙafafunsa.

Da ya gama ya miƙo mata salular. Ta sa a jaka, ta zauna ta haɗa hannuwanta tsakanin gwiwoyi. Ya matso kusa da ita har kafaɗarsu ta haɗu, suka zauna haka har motar ta iso.